Wane irin dawa za ka saya in gonarka mai yin ɓawo ce?

Jama'a, masu gonar jigawa wannan magana ba ta dame ku sosai ba, da ku nake masu ƙasa mai laka-laka, wadda in ruwa mai ƙarfi ya dake ta bayan shuka, rana ta biyo baya kwana biyu, sai samanta ya taurare kamar daɓe. Bara haka ta faru da ni a gonata ta wajen Ringim, kwana shida shiru, na tona rami da yatsa sai ga tsiron nan fari fat ya lanƙwashe a ƙarƙashin ɓawon, ya fito amma ya kasa huda.

To iri uku ne a gabanka. Na farko dawar kasuwa ta awo, ita ce mafi araha kuma wallahi ita ce mafi haɗari, don ba ka san shekarunta a sito ba, tsohon iri kuwa ko ya tsira ba shi da ƙarfin turo ƙasa. Wannan bar ta a yi tuwo.

Na biyu irin gida, Kaura ko Farafara da ka zaɓi zangarniyarsa da hannunka. Kaura ƙwayarta manya ce, kuma tsiro da abincin cikin ƙwayar yake rayuwa har ya ga rana, shi ya sa nake tankaɗe ƙananan in ajiye manya. Matsalarta daɗewa a gona, in damina ta ɗauke da wuri ka shiga uku.

Sai ingantaccen iri na leda, su SAMSORG na cibiyar binciken noma ta Samaru Zariya, kamar SAMSORG 45 da 46 da aka fitar a 2016 tare da ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa, masu saurin nuna. Masu binciken iri abin da suke dubawa a wannan matsala shi ne tsawo da ƙarfin ɗan kuben nan da ke rufe ganyen farko, shi ke huda ƙasa kamar mashi. Amma ledar ba za ta faɗa maka wannan ba, duba takardar shaidar hukumar iri da shekarar da aka yi shi kawai.

Ni dai yanzu kafin in zuba kuɗi sai na samo kaɗan-kaɗan na kowane iri cikin ukun nan, in ɗebo ƙasar gonar a tsohon kasko uku, ƙwaya hamsin kowanne, zurfin gaɓar yatsa biyu, in kwarara ruwa in bar shi a rana, bayan sati in ƙirga. Kuma kar mai shago ya ruɗe ka da Apron Star, maganin ƙwari da cuta ne, yana da kyau ka cakuɗa shi da irin kafin shuka, amma ba ya fasa ɓawo. A rami nakan sa ƙwaya biyar ko shida su haɗu su ɗaga ƙasar, in sun tashi in cire na cirewa lokacin firi.