Makka zuwa Madina da jariri a hutun Sallah: jirgin Haramain ko mota?

Wata 'yar'uwa mazauniyar Makka ta yi tambaya cewa ɗanta yana da wata huɗu, kuma suna shirin zuwa Madina a hutun Ƙaramar Sallah domin kakanninsa su gan shi. Maigidanta ya fi son a tafi da motarsa, ita kuwa hankalinta ya fi kwanciya da jirgin ƙasa, don haka take neman a kwatanta mata hanyoyin biyu.

'Yar'uwa, a fara da lokaci. Tsakanin biranen biyu akwai tazarar kilomita kusan 450. Jirgin Haramain, wanda ya fara ɗaukar fasinja a shekarar 2018, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, kuma yakan isa Madina cikin kimanin awa biyu da rabi, gwargwadon tsayawar da zai yi a Jidda ko a tashar birnin Sarki Abdullahi kusa da Rabig. Mota a kan titin Hijira tana cin awa huɗu zuwa biyar. Sai dai wannan lissafi na manya ne. Jaririn wata huɗu yana neman nono kusan duk bayan awa biyu ko uku, kuma ba a so ya wuce awa biyu a ɗaure cikin kujerar mota ba tare da an fito da shi ya miƙe ba, saboda haka tafiyar mota za ta iya komawa awa shida idan aka haɗa da tsayawar shayarwa, canjin famfas da sallah. Jirgin ma yana da nasa ƙarin, domin sai kun je tashar jirgin ta Makka da ke unguwar Rusaifa da wuri, an duba tikiti da kaya, sannan tashar Madina ba ta kusa da Harami, sai an sake shiga wata motar zuwa gida.

Abin da ya fi lokaci muhimmanci a wajena shi ne inda yaron zai kasance yayin tafiyar. A cikin jirgi yana jikinki tun daga tashi har sauka. Idan ya yi kuka kina iya ba shi nono nan take a ƙarƙashin mayafi, idan ya ƙi kwanciya ki miƙe ki goya shi da majanyi ki yi ta kai da kawowa tsakanin kujeru har barci ya ɗauke shi. A mota babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mun saba da cewa cinyar uwa ita ce wurin jariri, kuma na san akwai iyayenmu da za su ga rashin tausayi ne a ɗaure ɗan wata huɗu shi kaɗai yana tsala kuka, amma a gudun babban titi, idan direba ya taka birki da ƙarfi, babu hannun da zai iya riƙe yaro komai ƙaunar mai hannun. Dokar hanya a Saudiyya ta wajabta kujerar yara, akwai tara ga wanda ya saɓa, kuma ba a yarda yaron da bai kai shekara 10 ba ya zauna a gaba. Kujerar jariri a kujerar baya ta mota ake ɗaura ta, fuskarsa na kallon baya. In babu irin wannan kujera a motar maigidanki, to maganar mota ta ƙare tun ba a fara ta ba, kuma hakan ya shafi motocin haya da ake cika su da fasinja, waɗanda direbansu ba zai tsaya miki ba duk lokacin da yaro ya motsa.

Inda mota ta yi wa jirgi fintinkau shi ne kaya. A jirgin Haramain kowane fasinja akwati ɗaya aka yardar masa, wanda bai wuce kilo 25 ba, da jakar hannu. Duk wanda ya san yadda muke zuwa gidan surukai da Sallah ya san wannan bai isa ba: ga atamfofi da turaruka na tsaraba, ga ruwan Zamzam, ga kayan yaron kansa waɗanda sukan fi na uwarsa yawa. Mota kuwa a loda ta yadda aka ga dama, ta ɗauke ku daga ƙofar gida ta ajiye ku a ƙofar gida, sannan ta yi muku amfani a can wajen zaga dangi da kai gaisuwar Sallah. Kuɗin mai ma ba zai kai na tikitin mutum biyu zuwa da dawowa ba.

Ta fuskar lafiya kowace hanya da nata. Ƙarshen Ramadan lokaci ne da masu Umara daga ko'ina a duniya suke cika jirgin nan, kuma tari da mura suna yawo a cikin taro. Ki tabbata an yi masa rigakafin wata huɗu kafin tafiya, da ɗan tazarar kwanaki don zazzaɓin allurar ya sauka, ki kuma rage miƙa shi hannun duk wanda ya ce a kawo ya ɗauka. Sanyin na'ura a jirgi yana da ƙarfi, sai ki riƙe bargo da hula. Matsalar mota kuwa zafi ce da gajiyar direban da ya kwana goma yana tsayuwar dare. Idan mota ta lalace da rana a tsakiyar hanya, jariri ne zai fara galabaita, kuma ba a ba ɗan ƙasa da wata shida ruwa, nono ne kawai zai kare shi daga bushewar jiki. Ku ajiye lambar 997 ta motar asibiti da 937 ta Ma'aikatar Lafiya a wayoyinku.

Shawarata ita ce ki hau jirgi, da sharaɗin a sayi tikiti tun farkon azumi, a shigar da yaron cikin rajistar tikitin, domin kujerun kwanakin Sallah suna ƙarewa da wuri. Idan akwai ƙanwa ko wata babba da za ta raka ki, maigida zai iya yin gaba da mota da tsarabar bayan sallar asuba, ya tarye ku a tashar Madina. In kuwa ya zama dole ku tafi tare a mota, a sayi kujerar, ki zauna a baya kusa da yaron, a bar gida da sassafe, a tsaya duk bayan awa biyu ko da yana barci. Ku tafi da iƙamarku, wato katin izinin zama a Saudiyya, da takardar haihuwarsa da katin rigakafi, kuma idan tafiyar ta ɗage zuwa Babbar Sallah ku tuna cewa a lokacin Hajji ana tsaurara shiga Makka, sai mai tasrihi, wato takardar izinin shiga, ko wanda iƙamarsa ta Makka ce ake bari ya wuce shinge.