PS4 da kwamfutar 2013: wa ya fi ƙarfin hoto?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko PS4, na'urar wasan gem ta Sony, ta fi kwamfutocin zamaninta ƙarfin hoto, tunda ka ga wasan God of War yana tafiya sumul a kanta, taka tsohuwar kwamfutar kuwa sai numfarfashi take yi. In lissafi za a bi, ba ta fi su ba.

PS4 ta fito a Nuwamban 2013 a kan dala 399. Katin hotonta na AMD ne mai ƙarfin teraflop 1.84 (teraflop ma'aunin saurin lissafin kati ne), wato tsakanin Radeon HD 7850 da HD 7870, katuna matsakaita da ke kasuwa tun Maris 2012. A shekarar da ta fito, mai hali zai iya sayen katin GTX 780 a kan dala 649, wanda ya ninka ta sau biyu har da ɗori. Sai dai ka lura, kuɗin katin kaɗai ya wuce na na'urar ɗungurungum.

Inda PS4 ta yi wa kwamfuta wayo wuri biyu ne. Sony ta zuba mata RAM (ma'adanar aiki ta wucin gadi) gigabait 8 na GDDR5, wato irin mai sauri da ake sa wa katunan hoto, furosesa da katin hoto suna ci kwano ɗaya, alhali matsakaitan katunan lokacin gigabait 2 gare su. Na biyun, wanda a ganina ya fi muhimmanci: PS4 ɗin gidan gem a Kano ita ce dai ta Tokyo. Masu haɗa wasanni sun santa ciki da bai, suka yi shekara bakwai suna tatsar ta, har The Last of Us Part II ya fito a kanta a 2020. Wasan kwamfuta kuwa dole ya yi wa dubban haɗe-haɗe daidai, kamar rigar kanti. Na PS4 ɗinkin tela ne da awo.

Rauninta furosesa. Samfurin Jaguar ne na AMD mai gudun 1.6 GHz, irin wanda aka ƙera don ƙananan laftof, furosesan kwamfuta Core i5 na lokacin ya yi masa fintinkau. Yana cikin dalilan da manyan wasanninta da yawa suka tsaya a hoto 30 a daƙiƙa, mai kwamfuta yana shan 60.

Game da taka kuwa, duba katin. Da God of War ya zo kwamfuta a 2022, mafi ƙarancin abin da aka nema GTX 960 ne mai gigabait 4.