Makarantar gwamnati ta unguwa ko ta kuɗi: amsa ga Maman Sadiku

Assalamu alaikum, Maman Sadiku, da fatan maigida da yara suna lafiya. Tsakanin makarantar gwamnati da ke bayan gidanku da waccan ta kuɗi mai Faransanci da Turanci da aka yi miki tallarta a ɗaya gefen Garwa, shawarata ita ce ki kai Sadiku ta gwamnati, bisa sharaɗi guda: ki yarda cewa ke ma za ki riƙa taka ƙafarki zuwa makarantar, ki san malaminsa, malaminsa kuma ya san ki. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan sharaɗin ya rataya.

Ki fara cire wa ranki tunanin cewa karatun da ake sayarwa a can daban ne da wanda ake bayarwa a nan. Makarantun biyu a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimin Firamare suke, kuma manhajar da aka sabunta a 2018 ita ce ta hau kan kowa. A ɓangaren Faransanci yaro zai yi shekara shida, daga ajin farko, wato SIL, zuwa CP, sai CE1 da CE2, sannan CM1 da CM2, ya zauna jarrabawar kammala firamare, wato CEP, da ta shiga ajin farko na sakandare, tambayoyi iri ɗaya ga ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Tun 2017 gwamnati ta tsayar da littafi guda ga kowane darasi, kuma jerin littattafan da ma'aikata ke fitarwa kafin komawa makaranta a watan Satumba bai ware makarantar kuɗi ba. Turancin da ake ja miki rai da shi ma darasi ne a makarantar gwamnati, tunda harsunan hukuma biyu ne a Kamaru. Idan kuwa burin babansa shi ne yaron ya yi karatunsa gaba ɗaya da Turanci, har ya fita da FSLC, takardar kammala firamare ta ɓangaren Turanci, maimakon CEP, to gwamnati ma tana da makarantu masu ɓangaren Turanci, sai ku nemi mafi kusa. Abin da kuɗinki zai saya a can, in an yi sa'a, shi ne aji marar cunkoso da wurin zama.

Batun kuɗi a bayyane yake. Tun shekarar 2000 Shugaba Paul Biya ya soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati, amma kowa a arewa ya san ba a shiga hannu rabbana. Akwai kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, wadda ake kira APEE, 'yan dubban sefa a shekara, kuma da shi ake biyan malaman da iyaye suka ɗauka saboda waɗanda gwamnati ta turo ba su isa ba. Da shi kuma ake sayen alli da rajista idan kayan aikin da hukuma ke rabawa ta hannun magajin gari suka makara, abin da yake yawan faruwa. A makarantar kuɗi kuwa za ki biya na rajista, ki biya na karatu kashi-kashi, ki ɗinka kayan makaranta da na motsa jiki, a nemi na bikin ƙarshen shekara, sannan ga mai mashin da zai kai yaro ya dawo da shi kullum har wata tara. Ranar da kashi na biyu ya makara, ana iya koro miki yaro da rana tsaka, alhali laifin ba nasa ba ne.

Ba zan ɓoye miki aibin ta gwamnati ba, domin na gan shi da idona. Ajin SIL yakan cika har wasu yara su zauna a ƙasa, malami guda yana fama da taron da ya fi ƙarfin mutum biyu, kuma a wasu unguwannin ana raba ɗalibai, wasu da safe wasu da rana, saboda ƙarancin ɗakuna. Ba banza gwamnati ta sa jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa da Adamawa da Gabas cikin yankunan da ta ce za ta fifita a harkar ilimi ba. Yaron da aka jefa cikin wannan taro aka juya masa baya zai iya kai CE2 bai iya haɗa baƙi ba.

To amma ga abin da ya sa nake tsaye a kan maganata. Lokacin da 'yata ta tsakiya take CE1, na lura tana dawowa da littafin rubutunta kusan fari, in na tambaye ta sai ta sunkuyar da kai. Kafin in yanke shawarar abin yi, sai ga saƙo daga malaminta ta bakin wata yarinyar maƙwabta, cewa yana son ganina. Matashi ne daga cikin malaman da iyaye ke biya, albashinsa bai taka kara ya karya ba, kuma sau da yawa sai wata ya yi nisa kafin ya karɓa. Ya gaishe ni da Fulatanci, da ya ji bakina ya koma Hausa, ya ce ya lura yarinyar tana zama a can baya a ƙasa saboda kunya, manyan yara suna tare mata allo, kuma tana tsoron ɗaga hannu domin Faransancinta bai nuna ba. Ya dawo da ita layin gaba, ya haɗa ta da wata mai ƙoƙari, ya roƙe ni in riƙa sa ta karanta mini shafi guda bayan sallar isha'i ko da ni ban gane duka ba, domin kunnen uwa kaɗai yana sa yaro ya dage. Kafin hutun ƙarshen zango na biyu tana karanta mini allunan shaguna in mun fita kasuwa. Kobo bai nema a wurina ba. Da na aika masa da ɗan abin sallah, har gida ya turo godiya.

Wannan ganawar ce ta sa na fara zuwa taron iyaye, na kuma tashi a gaban maza na kawo maganar yaran da ke zaune a ƙasa. Wani uba kafinta ya ce in an sayi katako shi zai haɗa bencina ba ladan aiki, wani mai shago ya ɗauki nauyin ƙusa, sauran muka yi karo-karo gwargwadon hali. Mu mata muka ɗauki batun ruwa. Kin san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, rufin kwano yana huci tun hantsi. Muka ajiye randa a bakin kowane aji, muka raba kwanaki tsakaninmu domin wanke su da tabbatar da an cika su da safe. Tun daga lokacin, in na shiga harabar makarantar, shugaban makaranta da kansa yake tasowa mu gaisa, kuma duk abin da ya shafi yarana ina jinsa tun yana ƙarami.

Kusancin makaranta da gida ma ni'ima ce da ba a gane ta sai an rasa. Ana shiga aji da ƙarfe bakwai da rabi, kuma yaron da makarantarsa ke bayan gida zai yi sallar asuba, ya karya kumallo a natse, ya bi yayyensa na unguwa da ƙafa, 'yan kuɗin ƙosansa a aljihu. Ranar Litinin za ki jiyo su daga tsakar gida suna taken ƙasa wajen ɗaga tuta. In zazzaɓi ya kama shi a aji, kafin a jima labari ya iso ki. Idan aka tashi yana da lokacin cin abinci da ɗan hutu kafin makarantar allo ko Islamiyya da la'asar, ranar Laraba kuma da ake tashi da wuri sai ta zama ta wanki da bitar karatu. Yaro ɗan shekara shida da ake ɗorawa a kan mashin tare da wasu biyu ko uku, ya ratsa gari safe da rana cikin ƙura da manyan motoci, yakan iso gida a gajiye, karatun Alƙur'ani ne kuma yake fara shan wahala.

Harkokin da ba na aji ba ma suna da yawa, kuma yara suna son su. Tun watan Janairu ake fara atisayen fareti na ranar matasa, 11 ga Fabrairu, sannan a sake na ranar ƙasa, 20 ga Mayu, kuma yaron da aka zaɓa cikin masu maci ba ya barci daren saboda murna. Akwai wasannin makarantu na FENASSCO, inda ake tankaɗe tun daga gunduma har zuwa matakin ƙasa, akwai sharar fili da kowa ke kawo tsintsiyarsa, akwai kuma rabon maganin tsutsar ciki da na tsargiya da ma'aikatan lafiya ke kawowa makarantu. Wannan na ƙarshe kada ki yi wasa da shi, mu da muke bakin Binuwai, yaranmu kuma ba sa jin kashedi game da wanka a ruwan kwance. Ki dai tabbata ya ci abinci sosai ranar da za a ba su.

Ita kuwa ta kuɗi, babban ɗana ya yi shekara guda a irinta, kuma abin da zan iya yaba mata shi ne kowane yaro yana da wurin zama kuma fentin ginin yana da kyau. Malamai suna canzawa kamar ana sauya riga saboda mai makarantar ba ya biyansu a kan kari, taron iyaye kuma sanarwar ƙarin kuɗi ce kawai, wanda ya yi tambaya a ce masa ƙofa a buɗe take. Ban ce duka haka suke ba. Makarantun mishan na Katolika da na Furotesta da wasu na Musulunci masu Faransanci da Larabci sun daɗe suna aiki, an kuma san ɗalibansu. Amma wadda kika ambata sabuwa ce, ba ta yaye ko aji guda ba tukuna.

In kin kai shi ta gwamnati, ki riƙe taron iyaye na farkon shekara da muhimmanci, domin a nan ake zaɓen shugabannin ƙungiya, a yanke abin da kowa zai biya, a kuma faɗi inda kuɗin bara ya tafi. Ki karɓi takardar shaidar biya a kan kowane sefa, ki kuma goyi bayan duk wanda ya nemi ma'aji ya karanta lissafi a bainar jama'a, domin inda iyaye ba sa zuwa, a nan kuɗin malamai ke ɓacewa. Da yawa daga cikinmu mata muna barin wannan taro ga maza, mazan kuma suna kasuwa, sai kujerun su zama na mutum kaɗan. Ki nemi izinin maigida ki je, ki ja maƙwabciya ko biyu. Ranar karɓar sakamako a ƙarshen kowane zango kuma ki je da kanki, ki tambayi malami abin da yaron ya kasa, kada ki tsaya a kan na nawa ya zo.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma wajibi ne in faɗa miki, domin lokacin komawa makaranta kakar macuta ce. Duk shekara ma'aikata tana fitar da sunayen makarantun da aka buɗe ba izini tana ba da umarnin rufe su, kuma iyayen da suka riga suka biya su ne ke asara. Duk makarantar kuɗin da za ki shiga, ki nemi ganin takardar izinin kafawa da ta izinin buɗewa, takardu biyu ne daban, sannan ki tabbatar a ofishin sufeton ilimin firamare na gundumarku, ko Garwa ta ɗaya ce ko ta biyu ko ta uku. Wanda ya ce miki takardun suna kan hanya daga Yawunde, ki riƙe kuɗinki. Haka masu littattafai a bakin titi: wasu suna sayar da na jabu masu dusasshen rubutu da shafuka a ɓace, wasu kuma suna tura wa iyaye tsofaffin da aka riga aka cire daga jeri. Ki tafi da jerin a hannunki, ki duba sunan littafin da ajin da kamfanin da ya buga shi, ki buɗe shafukan kafin ki biya.

Mafi hatsari su ne dillalan takardar haihuwa. Ba a zama jarrabawar CEP sai da ita, kuma yara da yawa a yankinmu sun kai CM2 aka tsayar da su saboda rashinta. Idan Sadiku ba shi da ita, hanyar ita ce babansa ya bi ta kotu a yi hukuncin da zai ba ofishin magajin gari damar rubuta ta. Kada ku ba wani kuɗi a bakin ofis a kan zai kawo muku ita gobe, domin takardar da ba ta cikin rajistar hukuma sai ranar da ake buƙatarta take tona kanta.

Ki je makarantar da safe a ranar aiki, ki gaida shugaban makaranta, ki roƙe shi ya nuna miki ajin SIL da malamin da zai riƙe shi, ki tambaya ko ajin na safe ne ko ana raba shi, ki kuma nemi sunan shugaban ƙungiyar iyaye ki ji ta bakinsa. In kika tarar ƙungiyar ta mutu, ba wanda ya tuna yaushe aka yi taro, to a nan ne kawai zan ce ki duba ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun Musulunci ko na mishan da ke kusa da ku. In kuwa tana aiki, ki yi masa rajista a ranar, ki tafi da kwafin takardar haihuwarsa da katin rigakafinsa, ki kuma roƙi malamin ya zaunar da shi a gaba tun makon farko.