Wata takwas ina sanye da duwatsun Krobo: abin da na gani

Biki ne ya kai ni Accra bara, na sauka wajen gwaggona a Nima. Ana gobe zan dawo Kano ta raka ni wani ɗan shago a unguwar Osu, inda ake sayar da kayan wata ƙungiyar mata masu aikin hannu. Na sayi abin wuya ɗaya, awarwaro biyu, 'yan kunne, da wata 'yar jaka da aka ɗinka da ledar fiya wata. Sai yanzu nake rubuta ra'ayina don na so kayan su sha amfani tukuna.

Abu na farko da ya tsaya min a rai kuɗin ne. Sun kai ninki uku na 'yan China da muke saye a Sabon Gari, kuma ba a tayi. Na buɗe baki zan taya, Gwaggo ta taɓa ni ta ce, "'Yar nan, a nan ba a cewa albarka. Kuɗin da kika gani an riga an raba shi da masu aikin." Mai shagon ta yi min bayanin abin da suke kira cinikin adalci: ana yanke farashi tare da matan tun kafin su fara aiki, ba a sa yara ƙanana, kuma a ƙa'idar ƙungiyar cinikin adalci ta duniya, wato WFTO, mai sana'ar hannu tana iya neman aƙalla kashi 50 na kuɗinta tun farko, ba ruwa a kai. Wannan na ƙarshen ne ya shige ni. Mahaifiyata ta yi shekaru tana saƙar hula, na san yadda dillali ke kwashe kaya ya ce sai an sayar, a yi wata biyu ba kuɗin zare balle na cefane.

Duwatsun daga ƙasar Krobo suke, wajen Odumase da Somanya a gabashin Ghana, kuma asalinsu fasassun kwalabe ne. Ana wanke kwalba, a daka ta a turmin ƙarfe har ta zama gari, a tankaɗe, a zuba a kaskon yumɓu mai ramuka kamar tandar waina. Kowane rami ana tsaya masa ɗan siririn karan ganyen rogo a tsakiya. Idan aka sa a tanderu karan ya ƙone, shi ne ke barin hudar da zare zai bi. Bayan sun huce a goge su a kan dutse da yashi da ruwa. Da na ji haka sai Masagan Bida suka faɗo min, su ma da kwalba suke yin awarwaro, sai dai su narkar da gilashin suke yi ya zama ruwa.

Abin wuyan shi ne gwanina. Shuɗi ne mai duhu, ba ya ƙyalli, yana da ɗan kaushi a hannu, kuma ba dutse biyu da suka yi kama sak. Na sa shi a zafin Afrilu, gumi da turare duk sun taɓa shi, launinsa bai motsa ba, domin launin a cikin gilashin yake, ba fenti ba ne. Ya taɓa faɗo min a kan siminti, ko tsagewa bai yi ba. Da atamfa yake fi dacewa; a kan leshi mai duwatsu yana ɓacewa.

Akwai inda raina bai so ba. Maƙallin bayan wuyan ya fara tsatsa tun a damina, har ya bar min tabo a wuyan riga, dole na kai wa maƙerin zinariya ya sauya shi. Kayan da aka saya da wannan tsada bai kamata a yi musu rowar maƙalli ba. 'Yan kunnen kuma suna da nauyi, awa uku kunnena ya fara zafi, yanzu sai wajen taro kaɗai nake sa su. Awarwaro ɗaya zaren robarsa ya saki a wata na biyar, na sake jera shi da kaina.

Jakar ce ta ba ni mamaki. Rubutun kamfanonin ruwan na nan a jikinta, an yi mata shafi da atamfa a ciki, zif ɗinta har yau lafiya. Ruwan sama ya taɓa kama ni a Kwari, wayata da kuɗina ba abin da ya jiƙe. Tana ɗan ƙara idan an taɓa ta, amma bayan mako biyu ta yi laushi. Ko ina na ajiye ta sai an tambaye ni, kuma kowa sai ya ambaci ledar da ta toshe kwatar unguwarsu.

Zan sake saye, abin wuya da jaka dai, ban da 'yan kunne. Gwaggo ta ce in na koma za ta kai ni kasuwar duwatsu ta Koforidua, wadda ke ci ranar Alhamis, kuma na riga na aika wa mai shagon saƙo kan maganar maƙallin.