Rautar da Aka Kulle a Ƙarƙashin Bene

Salamu alaikum 'yan uwa na gida. Tun zuwana Ingila, abin da ya fi sanyi ɗaure mini kai shi ne yadda mutanen nan suka tsani ganin kebul a fili.

Wata abokiyar aikinmu ta gayyace mu gidanta. Na nemi lambar Wi-Fi, ta ba ni, intanet ya kama nan take, ba jira. Sai na shiga waige-waige ina neman akwatin nan mai ƙyafta fitilu. Babu shi, babu kebul ko ɗaya a bango. Da ta lura, ta yi dariya ta buɗe wata 'yar kabad a ƙarƙashin talabijin. Ashe can aka jera komai: rauta (wato akwatin Wi-Fi ɗin da nake nema), soket mai baki da yawa, kowane kebul an ɗaure shi an manna masa suna. An huda bayan kabad ɗin don iska ta shiga, ƙofar kuma saƙa ce mai ramuka, ba katako mai kauri ba. Wallahi abin ya burge ni.

To amma ba kowa ne ya iya ba. Mai gidan da nake haya shi ma ɗan tsafta ne, sai dai tasa tsaftar a kanmu ta ƙare. Ya kulle rautar a wani ɗan lungu ƙarƙashin matakalar bene, tare da mitar wuta da tarkacen ƙarafa. Gidan tsohon ginin bulo ne, ɗakina kuma yana sama. In na kira Umma ta WhatsApp, hoton sai ya daskare bakinta a buɗe, ni ina ta "Umma kina ji na?" ita ma tana ta nata. Mutum ya wuni yana aiki, muryar gida kaɗai yake jira, sai a hana shi saboda kada falo ya yi muni.

Wani injiniya da muke haya tare ya fayyace mini. Rauta na watsa saƙo a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na farkon ya fi ratsa bango amma ba shi da sauri, kuma na'urar ɗumama abinci ta kicin a kusan zangon take aiki, tana iya dagula shi. Na biyun ga gudu, sai dai bango biyu sun ishe shi. Ƙarfe, madubi, har tankin kifin ado duk suna tare shi. Ga zafi: rauta ba ta hutawa dare da rana, in aka toshe ramukan iskarta sai ta fara yankewa. Kebul na Ethernet, mai ɗauko intanet kai tsaye daga rauta, zai iya kai mita 100 lafiya lau, amma mai gida ya ce ba a huda masa bango. Na kira kamfanin intanet ɗin, aka bar ni da kiɗa a kunne har na gaji, daga ƙarshe aka ce in kashe in kunna, ko kuma in sayi ƙarin na'urori masu miƙa wa juna sigina.

Nan na tuna gida. Mu da muke ɗora rauta a saman kanta ko mu rataye ta a taga don neman sabis, ashe mun fi su daidai: sama, a fili, ba abin da ya tare ta. Sauran fa? Kebul ko'ina kamar igiyar shanya. Soket ɗaya na ɗauke da firji, fanka, talabijin da cajar kowa. Fulogin nan mai ƙafa uku da fis a cikinsa, wanda Ingila ta fito da shi a 1947, irinsa muke da shi, amma sai a datse kansa a cusa tsirarar waya a soket a tokare da ashana. Yara na rarrafe a wurin! Wasu kuma su lulluɓe rautar da ƙyalle saboda ƙura, ta yi ta gumi a ciki.

Ƙanena da ke gini yanzu na riga na kira shi: kafin a yi fulasta, mai haɗa wayar lantarki ya binne bututun kebul a bango daga falo zuwa kowane ɗaki, ya bar soket ɗaya a sama a tsakiyar gida. Ya ce tsada. Na ce ya sa a lissafina.