Digital Concert Hall: kiɗan da sai ido ya taya kunne

Idan kiɗan da kake nema irin wanda zai riƙa tashi a gefe ne kana guga ko kana tuƙi, riƙe kuɗinka. Digital Concert Hall ta mai zama ce, wanda zai iya ture komai gefe na awa ɗaya da rabi ya zuba ido. Na daɗe ina biyan kuɗinta ina kallo a waya da kwamfuta, kuma ta yi mini abin da sauraro da kunne kaɗai ya kasa yi mini. A cikinta ne kiɗan Mahler da Bruckner da Richard Strauss ya daina zama hayaniya mai tsawo a wurina.

Ga wanda bai santa ba, dandalin kallo ne na ƙungiyar makaɗan Berliner Philharmoniker ta Jamus, wadda aka kafa a 1882. Sun buɗe shi a ƙarshen 2008. A zaurensu na Berlin, wanda aka buɗe a 1963, an dasa kyamarori da ake juyawa daga wani ɗaki daban, saboda haka ba mai ɗaukar hoto da ke kai da kawo tsakanin makaɗa. Kowace kakar wasanni suna watsa wasanni kimanin 40 kai tsaye, daga baya a zuba su cikin taska. A taskar akwai ɗaruruwan wasanni, tun daga na zamanin Herbert von Karajan, wanda ya jagoranci ƙungiyar daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1989, har na Claudio Abbado da Simon Rattle da madugun yanzu, wato mai tsayawa a gaba yana jagorantar makaɗan, Kirill Petrenko, da ya kama aiki a 2019. Ana iya nema da sunan wanda ya tsara kiɗan, ko madugu, ko zamani.

Zamanin da ya kai ni can shi ne na wajen 1860 zuwa farkon yaƙin duniya na ɗaya, lokacin da masu tsara kiɗa a Turai suka mayar da hankali kan zuba abin da ke cikin zuciya, so da mutuwa da tsoron Allah da kewar gida, ba tare da sun ji kunyar tsawaitawa ba. A zamanin Mozart, makaɗa 30 zuwa 40 sun isa, kuma simfoni, wato dogon kiɗa mai kashi-kashi da dukan makaɗan ke yi tare, kan ƙare cikin rabin awa. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, adadin ya doshi 100. Birane sun cika, an gina manyan zaure irin Musikverein na Viyana a 1870 da Concertgebouw na Amsterdam a 1888, masu sayen tikiti sun yi yawa, kuma an ƙera wa ƙahonin tagulla maɓallai da suka sa suna iya busa kowane sauti. Richard Wagner, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, ya buɗe ƙofa da Tristan und Isolde, wasan opera, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa, a Munich a 1865, waɗanda suka biyo baya kuma suka shige da kayansu duka.

To matsalar mai sauraro irina ke nan. Mutum 100 na kiɗa lokaci guda, kai kuma ba ka tashi da waɗannan kayan kiɗa ba, kunnenka bai san wanne ne wanne ba. Komai ya haɗe ya zama dunƙule ɗaya. A nan manhajar ta ci kuɗinta. Masu juya kyamarorin suna bin takardar kiɗan ne, sun san wanda zai shigo kafin ya shigo. Da sautin ya koma hannun mai busa sarewa, shi za ka gani. Da ya koma wurin masu manyan goge da ake jingina a ƙirji, can kyamara za ta nufa. Sannu a hankali sai kunne ya haddace, har ka kai inda za ka rufe ido ka ce wannan ƙaho ne, wancan kuma algaitarsu ce. Littafi bai koya mini wannan ba.

Wanda ya fi kama ni shi ne simfoni ta 6 ta Gustav Mahler, wadda Rattle ya yi bankwana da ita a watan Yunin 2018. Da ita ɗin dai ya fara tsayawa gaban wannan ƙungiya a 1987, saboda haka daren yana da nauyi tun kafin a taɓa tsirkiya. Mahler ya fara gabatar da ita a Essen a 1906, kuma a kashinta na ƙarshe ya rubuta cewa a buga guduma. Guduma ta gaske, ƙatuwa, ta katako. A faifai, abin da za ka ji bai wuce wani dum ba, mai yiwuwa ma ka ɗauka tambari ne. A hoto kuwa kana ganin mutumin ya miƙe daga can baya, ya ɗaga ta sama da kansa, yana jiran hannun madugu, gabanka na faɗuwa tun kafin ta sauka. Da farko bugu uku Mahler ya sa, daga baya ya cire na ukun, har yau kuma madugai na saɓani a kai. A cikin simfonin nan akwai ƙararrawar shanu da ake kaɗawa a hankali, kamar garke na kiwo a nesa. Mutumin da a duk shekara aikin jagorancin gidan opera na Viyana ke cinye masa lokaci, daga 1897 zuwa 1907, sai da hutun bazara yake samun shiga 'yar bukkarsa a ƙauye ya yi rubutu, ba mamaki ya kwaso shanun ya zuba a ciki.

Shekara guda bayan wannan simfoni, 'yarsa Maria ta rasu, likita ya gano masa ciwon zuciya, ya kuma bar aikin Viyana, duk a 1907. Masu sharhi na son su ce gudumar ta hango wannan. Ni ban damu da wannan fassarar ba, kiɗan ya tsaya da ƙafarsa ko ba ta. Ya rasu a 1911 yana da shekara 50. Wani abin daɗi kuma, wannan ƙungiyar ta Berlin ce ta fara kaɗa simfoninsa ta 2 cikakkiya, a Berlin a Disambar 1895, shi da kansa yana jagoranta.

Richard Strauss ya fi sauƙin shiga. Eine Alpensinfonie, da aka fara kaɗawa a Berlin a 1915, labarin yini guda ne na hawan dutse cikin minti kamar 50: dare, fitowar rana, shiga daji, ruwa mai gangarowa, makiyaya, ɓata hanya, kai wa ƙololuwa, hadari, saukowa, dare kuma. Gaɓa 22 ne, kowace da sunanta, ba a tsayawa tsakaninsu. Yana buƙatar makaɗa kusan 125. Akwai inda tarin masu ƙaho ke busawa daga bayan fage, ba ka ganinsu, irin yadda ake jin kakaki daga nesa ranar hawan sallah tun kafin dawakin sarki su ɓullo. Da hadari ya taso kuma, kyamara za ta nuna maka wani yana juya na'urar yin kukan iska da hannu, wani yana girgiza fallen ƙarfe don tsawa. Wasu na raina wannan aiki, suna cewa zanen hoto ne kawai da sauti. Su suka sani. Shi nake fara nuna wa duk wanda ya tambaye ni abin da nake kallo.

Na Tchaikovsky ba sai na yi dogon bayani ba, kiɗansa na shiga ko ba hoto. Amma simfoninsa ta 6 da Petrenko ya jagoranta a Maris na 2017, kafin ya kama aiki gadan-gadan, ta cancanci kallo don fuskar madugun kaɗai. An fara kaɗa ta a St. Petersburg a 1893, kwana 9 kafin Tchaikovsky ya rasu. Kashi na uku yana ƙarewa da ƙarfi kamar an gama, har a wurare da yawa jama'a kan ɓarke da tafi, sai na huɗu ya zo a sanyaye ya tafi yana dusashewa.

Anton Bruckner ne ya fi ba ni wuya, kuma har yanzu ba kullum muke shiri ba. Ɗan ƙauye ne daga Ostiriya, mai kaɗa ogan a coci a St. Florian da Linz, mai ibada ƙwarai, kuma kiɗansa ba ya gaggawa ko kaɗan. Zai ɗora abu ya yi ta hawa, ya kai sama, sai ya yi tsit, ya koma ya faro wani daga ƙasa. Wanda bai saba ba zai ce an yanke ne. Abin da ya taimake ni shi ne kallon Herbert Blomstedt, dattijon da ya haura shekara 90 yana jagorantar Bruckner da hannu kawai ba sanda. Idan kiɗan ya tsaya, hannunsa ba ya sauka, sai ka gane shirun ma yana cikin lissafi. Simfoni ta 7, wadda Arthur Nikisch ya fara gabatarwa a Leipzig a 1884, ita ce ƙofar shiga. Yana cikin rubuta kashinta na biyu labarin rasuwar Wagner ya iso masa a 1883, kuma ƙahoni huɗu na musamman da ake kira da sunan Wagner ɗin su ke ɗauke da makokin. Ta 9 kuwa ya rasu a 1896 bai ƙarasa ba. Galibi kashi uku ake kaɗawa, amma a taskar akwai wadda Rattle ya yi a 2012 da kashi na huɗu da masana suka harhaɗa daga takardun da ya bari. Na kalla don sani, na koma wa mai kashi uku.

Sai batun yau da kullum, wanda shi zai yanke wa yawancinmu hukunci. Wannan irin kiɗa yana sauka ƙasa har ka yi zaton an kashe, sannan ya tashi ya cika kai. Lasifikar waya ba ta iya ɗauka. Ko da hedifon mai rufe kunne, idan janareton maƙwabta na aiki ko fanka na gudu, ƙarshen simfoni ta 9 ta Mahler ya tafi a banza, domin 'yan tsirkiyoyi ne ke numfashi a wurin. Shi ya sa nake kallo bayan unguwa ta yi barci. Kada kuma ka ƙara murya a wurin da ya yi ƙasa ka manta, abin da ke tafe zai hukunta kunnenka.

Data tana tafiya, ba wasa. Bidiyo ne mai tsabta na awa biyu, kuma idan sabis na unguwarku irin namu ne mai zuwa da komawa, kallon kai tsaye zai riƙa tsinkewa a daidai inda bai kamata ba. Mafita ita ce manhajar waya tana bari a sauke wasa a ajiye, saboda haka nakan sauke inda na sami intanet mai ƙarfi in kalla a gida. Ana kuma iya rage tsabtar hoton. Wasannin kai tsaye galibi daren Asabar ne. A lokacin sanyinsu agogon Berlin da na Najeriya da Nijar ɗaya ne, a bazararsu kuma suna gaba da awa guda, ko ta yaya dai abin kan faɗo tsakanin magariba da isha'i. Ni taska ta ishe ni.

Kuɗin da yuro ake lissafa shi, na wata ko na shekara, kuma da yadda naira take, ba ƙaramin abu ba ne. Sai ka tabbatar katin bankinka na biyan kuɗi a waje kafin ka sa rai, nawa sai da na yi zirga-zirga a banki. Akwai kuma hirarraki da madugai da makaɗa, da Jamusanci ko Ingilishi, tare da fassara a rubuce a ƙasa. Wanda ke jin Ingilishi ya daure ya kalli hirar kafin wasan, musamman na Bruckner.

A sani kuma gidan ƙungiya ɗaya ne. Wanda ke son ya jera yadda ƙungiyoyi goma suka kaɗa simfoni guda ya kwatanta, manhajojin sauraro sun fi masa. Shawarata ga mai son gwadawa ita ce ya biya na wata ɗaya tak, ya fara da dutsen Strauss, ya bi da Tchaikovsky, sannan gudumar Mahler. Simfoni ta 3 ta Mahler, mai kashi shida da ke haura awa ɗaya da rabi, a bar ta sai ranar da ba aiki kuma waya ta cika da caji.