Sassaƙe, ɗinki ko bugun ƙusa: wane kwale-kwale za ka saya?

Kafin ka tambayi kuɗin jirgi, fara tambayar wanda zai riƙa gyara maka shi. Jirgin katako ba ya shekara bai nemi hannu ba, kuma kowane irin ƙira da irin mai gyaransa. Wannan ne ma'aunin da na fi dogara da shi a kan duk abin da zai biyo baya.

Mafi daɗewa shi ne sassaƙe. Gungume ɗaya ne masassaƙi zai rarake da gatari da gizago, babu haɗi, don haka babu inda ruwa zai bi sai in ya tsage. Masunci mai jefa koma shi kaɗai ko da ɗansa, wannan ya ishe shi. Sai dai girman jirgi ba ya wuce girman bishiya, manyan maɗaci kuwa sun yi wuya a Arewa. Rimi yana da girma da rashin nauyi, amma laushi gare shi, yana saurin ruɓewa. A Ghana da icen wawa ake sassaƙa manyan jiragen teku a cikin kurmi, a ɗauko su a mota zuwa gaɓa, sannan a ƙara musu katako a gefe don su yi tsayi. In sassaƙe za ka saya, ƙwanƙwasa cikinsa daga kai zuwa gindi ka saurara: inda sauti ya canja, nan aka sassaƙe shi ya yi siriri, ko ruɓa ta fara. Ka duba goshi da ƙeya, nan tsaga ke farawa. Facin kwano ɗaya ba laifi ba ne. Huɗu ko biyar, bar masa kayansa.

Ƙarancin manyan itatuwa ne ya haifar da dabarar da ta fi burge ni, wato ɗinki. A kogin Kwara ta sama, cikin Mali, masu jirgi sukan sassaƙa rabi biyu daga itace biyu, su huda bakinsu, su ɗinke su a tsakiya da igiya. Manyan jiragen kaya ma a da haka ake haɗa allunansu. A irinsu ne Bafaranshen nan René Caillié ya taso daga Jenne zuwa Kabara, tashar Tumbutu, a 1828, ana tafiya ana kwarfar ruwa ba hutu. Mutanen Kotoko na kogin Shari, wajen tafkin Chadi, su ma sun shahara da wannan ƙira. Jirgin ɗinki yana lanƙwasa maimakon ya karye, babu ƙusar da za ta yi tsatsa, gyaransa igiya ce da tsumma. Amma yoyo ɗabi'arsa ce, girgizar inji tana sassauta ɗinkin, masu iya aikin kuma sun yi ƙaranci. Sha'awa daban, sana'a daban. Ba zan ce ɗan fito ya sa jarinsa a nan ba.

Bugun ƙusa shi ne abin da yawancin mutane za su ƙare a kai, daga Yawuri har tafkin Kainji, wanda aka datse a 1968. Ƙasansa shimfiɗe ne, yana bin ruwa maras zurfi, yana ɗaukar inji da buhuna da babura. A garin Mopti na Mali har yau maƙera ne ke ƙera ƙusoshin da hannu daga tsofaffin ƙarafa, a bakin ruwa kusa da kafintoci. A irin wannan jirgi ne kuma aka fi cutar mai saye, saboda fenti yana rufe komai. Ka nemi ganin jirgin tun yana tsirara. Katakon ya bushe, ko ɗanye ne aka yanko jiya? Ɗanye zai motse ya buɗe baki a haɗi. Sa ƙusa ka danna: farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo yana lotsawa, shi ke fara ruɓewa, jan cikin maɗaci kuwa ba ya ba da kai. Ƙirga haƙarƙarin ciki, ka ga ko an rage su don tsimin katako. A tsohon jirgi, jan zane da ke gangarowa daga kan ƙusa alama ce ta cewa tsatsa ta ci ta a ciki. Sabon jirgi yakan ɗan sha ruwa kafin katako ya kumbura ya matse tsumman da kwaltar da aka cusa, wannan ba abin tsoro ba ne. Wanda ya yi mako a ruwa yana yoyo kamar rariya, shi ne abin gudu. Jirgin da ya nutse kusa da Wara a jihar Kebbi a watan Mayun 2021 rabewa ya yi a tsakiyar ruwa, ɗauke da mutane fiye da ƙarfinsa.

Akwai kuma ɗinkin zamani, da Turawa suka yayata da ƙaramin jirgin Mirror a Ingila a 1962, wanda Jack Holt da Barry Bucknell suka tsara don mutum ya haɗa a gida. Ana yanka filawud, a huda gefe, a ɗaure da wayar tagulla, a liƙe haɗin da gam ɗin ifoksi da ƙyallen faiba. Mutum biyu na iya ɗaga jirgin su ɗora a mota, kuma ba ya yoyo. Ga mai kiwon kifi ko mai yawon shaƙatawa a dam irin Tiga, ya dace. Sharaɗinsa filawud na ruwa. Wanda ake yin kabad da shi zai saɓule kafin damina ta fita. Gam ɗin kuma daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala, kafintan ƙauye ba lalle ne ya taɓa aiki da shi ba. Ga jan jirgi a kan duwatsu kullum, bai kai maɗaci ba.

Duk wanda ka zaɓa, ka tafi da tsohon ɗan fito ko wani daga gidan Sarkin Ruwa, ka raba biya kashi-kashi, na ƙarshe sai jirgi ya kwana a ruwa da kaya. A cikin lissafinka ka sa filafili, gwangwala, ƙwaryar kwarfa, da rigar kariya ga kowane wurin zama.